Wasiƙa daga Liyon: fumfunar gyada da sankarar hanta

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida,

Ina gaishe ku daga birnin Liyon na Faransa, inda nake karatu kan ciwon daji. Yaya kaka? Allah ya sa wa amfanin bana albarka. Batun ajiyarsa ne ya sa na rubuto.

A ƙwayoyin halittar jikinmu akwai wani furotin mai suna p53. A 1979 David Lane a Landan da Arnold Levine a Amurka suka gano shi, kowa da abokan aikinsa. Shekara goma ana zarginsa da haddasa sankara, sai a 1989 Bert Vogelstein ya nuna ashe shi ke tare ta. Idan DNA, wato rubutaccen umarnin gado da ke cikin kowace ƙwayar halitta, ya samu lahani, p53 kan kunna wasu ƙwayoyin gado su dakatar da rabuwar ƙwayar halittar har a yi gyara. In gyaran ya gagara, sai ya sa ta kashe kanta. Idan kuwa shi ne ya lalace, gurɓatacciyar ƙwaya ta yi ta hayayyafa, lahani kan lahani, har ta zama ƙari. Kusan rabin sankarar ɗan'adam haka ake tarar da p53, a lalace.

Ga inda abin ya shafe mu. Gyada da masarar da aka adana da danshi kan yi fumfuna, fumfunar kuma na fitar da guba mai suna aflatoksin. Idan ta shiga hanta sai ta manne wa DNA, ta sauya harafi ɗaya tak a gurbi na 249 na umarnin ƙera p53. An ga wannan tabo a jikin masu sankarar hanta a Gambiya da Mozambik da gundumar Qidong ta Sin. In mutum na ɗauke da ciwon hanta nau'in B, haɗarin ya ninka sosai.

Abin da ya fi damuna, suya da dafuwa ba sa kashe gubar. Ruɓaɓɓiyar gyadar da aka ware, aka sayar da araha, ita ce kan koma ƙuli-ƙulin da yaranmu ke ci. In shanu aka ba, gubar ta dawo mana ta nono.

Don Allah, iyayena manoma, a shanya sosai a kan tamfol, a tsince mai fumfuna a binne ta, a ɗora buhuna a kan katako. Iyaye mata kuma, allurar rigakafin ciwon hanta B ta farko cikin awa 24 da haihuwa ake son jariri ya same ta, kada a jira sai bayan suna.

Wassalam,
Ɗan'uwanku a Liyon