Datsun 240Z a Ingila: abin da bakaniken da ya zo daga gida zai sani kafin ya taɓa rim, ƙafa da inji

Mu da muka koyi aikin mota a Ƙofar Ruwa ko Panteka muka zo Ingila, hannunmu ba ya ba mu kunya. Abin da ke ba mu wahala a shekarun farko takarda ce da awo. A gida in mota ta tashi ta tafi, aiki ya yi kyau. A nan duk abin da ka canza a jikin mota akwai mai son ya sani: kamfanin inshora, hukumar rajistar motoci ta DVLA, da mai gwajin shekara-shekara da ake kira MOT. Tsofaffin motocin Japan ne suka fi nuna wannan, musamman Datsun 240Z, domin kusan duk mai ita yana son ya ƙara mata wani abu.

Motar ta fito a ƙarshen 1969, a Japan sunanta Fairlady Z. Injinta L24 ne, silinda shida a jere, cc 2,393, da kafireta biyu na Hitachi. Ita ce ta ci gasar Safari ta gabashin Afirka a 1971 da 1973, saboda haka ƙarfin ƙashinta ba abin musu ba ne. Abin da ke kashe ta a ƙasar nan gishiri ne. Da sanyi ya shigo ake watsa gishiri a kan titi don kada ƙanƙara ta kama, shi kuma ya ci ƙarfe daga ƙasa. Shi ya sa yawancin masu kyau da ake gani yanzu daga Amurka aka shigo da su, musamman Kalifoniya, sitiyarinsu a hagu. Mai shigo da irin wannan zai sanar da hukumar haraji cikin kwana 14 da isowarta. Motar da ta haura shekara 30 kuma tana nan yadda aka ƙera ta, ana iya biya mata harajin kashi 5 cikin ɗari kawai a matsayin kayan tarihi. Ke nan kada a yi mata gyare-gyare kafin ta hau jirgi, a bari sai ta iso. Fitilun gaba ma sai an canza, domin na Amurka suna karkata haske zuwa dama, suna kashe idon mai zuwa.

Kafin a yi zancen rim, a ɗaga ta sama a bi ta da sukudireba: ƙarafan shasi biyu da ke bin gefen inji su shige ƙarƙashin daɓe, daɓen kansa, wurin zaman batir, gindin madigadin baya kusa da ƙofa, da bakin but. Motar ba ta da shasi dabam, bodin ne ke ɗauke da komai. In wurin da sandar riƙe ƙafar gaba ke ɗaurewa ya ruɓe, sifirin mai tauri da faffaɗar taya za su ƙarasa yaga shi. Walda ce farkon kuɗin da za a kashe, ko mai mota ya so ko ya ƙi.

Sai doka, wadda ita ke yanke hukunci kan wane inji zai shiga. Motar da ta kai shekara 40 ana iya mayar da ita rukunin tarihi: ba ta biyan harajin hanya, ba ta biyan fam 12.50 na kullum da tsofaffin motoci ke biya a Landan, kuma tun watan Mayu na 2018 ba dole ba ne ta je MOT, da sharaɗin ba a yi mata babban canji ba cikin shekara 30 da suka wuce. Ƙa'idar ta ce inji iri ɗaya mai girma dabam ba babban canji ba ne. Don haka L26 ko L28, 'yan'uwan L24 da suka fi shi girma, in aka sa su a cikin 240Z ba su taɓa wannan sassauci. Amma injin RB25 ko RB26 na motar Nissan Skyline, ko V8 na Amurka, sun fitar da ita, sai ta koma gwaji duk shekara. Ko wane inji aka sa, lambarsa da girmansa sai an gyara su a takardar mota V5C. Inshora kuwa ko rim ka canza ka gaya musu. Wanda ya ɓoye, ranar da aka yi hatsari za su iya ƙin biya, kuma sunansa ya ɓaci wurin sauran kamfanoni. A ganina ko motar ta samu sassauci a kai ta MOT da son rai, domin idon wani ya ga abin da naka ya saba da shi.

Rim ɗin asali inci 14 ne, siriri, da taya 175, tsayinta gaba ɗaya kimanin milimita 635. Wannan lamba ita ce za a riƙe. Taya 195/70 a kan inci 14 tana ba da 629, 205/60 a kan inci 15 tana ba da 627, 205/55 a kan inci 16 kuma 632, duk suna kusa. Amma 225/50 a kan inci 15, wadda samari ke so saboda faɗinta, 606 ce kawai: agogon gudu zai riƙa nuna fiye da gaskiya da kusan kashi 5 cikin ɗari, inji ya riƙa kuka a babbar hanya, ƙarƙashin motar kuma ya ƙara kusantar ƙasa.

Ramukan noti huɗu ne a kan da'irar milimita 114.3. A nan ne sabon zuwa ke faɗawa rami, domin akwai rim da yawa masu wannan awo a kasuwar kayan hannu, na motocin da ke ja da gaba, kuma suna da araha. Za su shiga kan kusoshin lafiya lau, amma fuskar da ke zama kan hob ta fito waje da milimita 35 zuwa 45 daga tsakiyar rim, sai rim ɗin ya nutse ciki ya daki kwanon sifirin. 240Z tana son wanda fuskarsa ke tsakiya daidai, wato sifili ko kusa da shi. Inci 15 mai faɗin inci 7 a kan sifili, da taya 205, shi ne zaɓin da ba ya jawo rigima. Da an kai faɗin inci 8 zuwa sama, sai an yanke bakin madigadi an ɗaura masa kunne, kuma wanda ya yanke madigadin baya dole ya haɗa fatar ciki da ta waje da walda ya shafe, in ba haka ba ruwan gishiri ya samu ƙofa. Rim ɗin kamfanin Watanabe masu ƙafa takwas daga tsakiya zuwa baki su ne suka fi dacewa da zamanin motar, sai dai jabunsu sun yi yawa, kuma na gaske in tsofaffi ne a duba tsagewa a gindin ƙafafun.

Kusoshin Nissan, mai ƙera Datsun, kaurinsu milimita 12 ne da tazarar zare 1.25, na Toyota 12 da 1.5. Notin Toyota zai kama zagaye biyu ya cije, mai gaggawa ya sa masa bindigar iska ya lalata kusa. Noti ya shiga aƙalla zagaye goma, a ɗaure shi da sifana mai awo a kan 80 zuwa 90 na ma'aunin Nm. Taya kuma a karanta lambobi huɗu na gefenta, mako da shekara. Irin waɗannan motoci suna kwana a gareji rabin shekara, tayar takan tsufa ta bushe tun zanenta bai kusanci milimita 1.6 da doka ta sa ba.

Ƙafa ita ce inda kuɗi kaɗan ke canza mota da gaske. A fara da mayar da ita yadda take sabuwa: bushin duka, boljoyin, tayarod, robar da ke riƙe rak ɗin sitiyari, da shokozoba huɗu. A baya akwai doguwar kusa da ke haɗa hannun ƙasa da gindin shokozoba, wadda tsatsa ke mannewa. Kada a buge ta da guduma, kanta zai baje ta ƙara kamawa. A cire ƙaramin makullin da ke tsakiyarta, a jiƙa ta da mai kwanaki, a gasa, a tura da matsi, kuma a sayi sabuwa tun kafin a fara.

Bushin roba mai tauri da ake sayarwa seti guda yana da kyau a wurare da yawa, amma ban da sandar da ke riƙe ƙafar gaba daga baya. Wannan sanda tana bukatar ta yi sama da ƙasa. In aka matse ta da mai tauri gaba da baya, lanƙwasar ta koma kan zaren, wata rana ta karye ana cikin tafiya, taya ta koma baya ta daki madigadi. A bar mata robar asali, ko a sa irin mai ƙwallo.

Saukar da mota da milimita 25 ya isa titin Ingila, mai tudun rage gudu a kowace unguwa da ramuka bayan kowane sanyi. Fiye da haka, shokozoban asali ba shi da sauran wurin motsi, motar ta zauna kan robar tsayawa ta riƙa tsalle. Mai son ƙasa da haka sai an yanke bututun shokozoba an rage tsawonsa, an yi waldar hannun riga mai zare, an sa gajeren shokozoba. Sifirin na kilo 3 zuwa 4 a kowace milimita ya ishi motar da nauyinta bai fi tan ɗaya da kaɗan ba. A lura bututun 240Z ya fi na ƙanwarta 280Z siriri, kayansu ba sa shiga juna. Motar da aka sauke kuma hannuwanta na gaba suna kallon sama, sitiyari ya riƙa fizga a kan gargada; ɗan ƙarfen da ake sawa tsakanin gindin shokozoba da hannun sitiyari shi ke gyara wannan. Ƙarar "ƙwal" daga baya lokacin sakin kulochi yawanci robar gaban aksul ce ta yage.

Birki na gaba faifai ne, na baya ganga. Kalifa mai fistin huɗu ta tsohuwar Hilux mai jan ƙafa huɗu tana hawa kai tsaye in an ɗan rage farantin ƙura, amma tana shan mai da yawa, feda ya yi zurfi, sai an canza masta daga inci 7/8 zuwa 15/16 na Datsun 280ZX da ta zo daga baya.

Inji a ƙarshe, kuma shi ma daga awo ake farawa. A gwada matsin silinda shida, kada bambancinsu ya wuce kashi 10 cikin ɗari. A saita bawul da zafi, milimita 0.25 na shiga, 0.30 na fita. A cire kwantak a sa wutar lantarki ta zamani. A duba sandar totur ta kafireta, domin in ta ci, iska na shiga ta gefe, ba saitin da zai zauna. Yawancin motocin da ake kawowa da kukan ba su da ƙarfi, a nan ƙarfin nasu ya ɓace. Tun watan Satumba na 2021 fetur na yau da kullum a nan E10 ne, mai ethanol har kashi 10, yana cin tsohon tiyo yana jawo ruwa cikin tanki. A canza tiyo duka, a riƙa shan E5 mai tsada, wanda ethanol ɗinsa bai wuce kashi 5 ba.

Mai son ƙari, L28 shi ne hanya mai hankali: cc 2,753, yana zama kan kujerun inji na asali, ana mayar masa da kafiretocin motar. Daga nan akwai hanyar da ta shahara tun daɗewa, a sa kiranshaf ɗin injin dizal LD28 mai bugun milimita 83, a faɗaɗa silinda daga 86 zuwa 89, a samu kusan lita 3.1. Milimita uku ba wasa ba ce a bulok mai shekara arba'in da wani abu, dole a auna kaurin bangon da na'ura kafin a yanka. Kafiretocin Weber ko Mikuni guda uku suna da daɗin ji, amma a kan injin da ba a taɓa kansa da kamshaf ɗinsa ba, ƙara da shan mai kawai suke ƙarawa. Kafireta lamba 40 ta ishi inji mai lita 2.4 zuwa 2.8, 45 ta manyan injuna ce, kuma matsin mai kada ya wuce kimanin psi 3, in ba haka ba su yi ambaliya. Mashigar iska da mafitar hayaƙi duk suna gefen hagu, ɗaya kan ɗaya, don haka farantin tare zafi wajibi ne, ko man ya tafasa a cunkoso. A mai sitiyarin hagu sandar sitiyari da mastan birki ma suna wannan gefen, sai a tabbatar bututun hayaƙin da za a saya na irinta ne. Sabon kamshaf yana son sababbin rokoki, wato hannuwan da ke danna bawul, da bakin mai 20W-50 mai sinadarin zinc, in aka haɗa shi da tsofaffi zai cinye cikin ɗan lokaci. Kuma duk mai cire top silinda ya cusa katako ya danne sarkar taimin tukuna, domin in abin da ke ɗame ta ya fito, sai an buɗe gaban inji gaba ɗaya.

Wani abu ga ɗan'uwa sabon zuwa da ke ganin zai fara karɓar irin wannan aiki a ƙofar gida. Gyaran mota a kan titi don kuɗi laifi ne a nan, maƙwabci kuma ba zai yi maka kara ba. Tsohon bakin mai ba a zubar da shi a kwata, ana kai shi wurin da ƙaramar hukuma ta tanada. Mai bizar karatu ba shi da izinin aikin kansa. Lasin Najeriya kuma wata 12 kawai yake aiki daga ranar da mutum ya zama mazauni, ba a musanya shi, sai an sake jarrabawa ta rubutu da ta tuƙi. Wanda zai gwada motar mutane a hanya, ya tabbatar inshorar garejin da yake aiki ta ambaci sunansa kafin ya karɓi makulli.