Reshe daga gidan maƙwabciya: dasa kariya da buganbil a Tawa

Yawancin furannin da ake gani a tsakar gidajen Tawa ba a saye su ba, roƙonsu aka yi. Mace ta leƙa gidan da ke jikin nata, ta ga kariya ta yi ja a tsakiyar rani, ta ce: "Hajiya, don Allah a sam mini reshe guda." Maƙwabciya mai sakin hannu ba ta hanawa. Matsalar ita ce reshen yakan mutu cikin mako biyu, mai roƙo kuma ta ji kunyar komawa.

A fara da kariya, don ita ce ta dace da ƙasarmu. Tana fure lokacin da ta zubar da ganye, sa'ad da komai ya bushe. A yanko reshe mai kaurin babban yatsa, tsawon santimita 20, da wuƙa mai kaifi. Ruwan da ke fita daga yankan guba ne, har maharba sun daɗe suna shafa shi a kibiya, saboda haka a wanke hannu, a kuma kawar da reshen daga yara da awaki. Kuskuren da ya fi yawa shi ne dasawa nan take. A ajiye shi a inuwa kwana 3 har bakin yankan ya bushe, a barbaɗa masa toka, sannan a soka shi santimita 5 cikin ƙasa. Ruwa kaɗan, sau ɗaya a mako. Idan gindin ya yi laushi ya yi baƙi, ruwa ne ya yi yawa, ba ƙishi ba, kuma mutane sukan ƙara ruwan a daidai lokacin. Kariyar reshe ba ta saurin yin ƙaton gindin nan irin na wadda aka shuka daga iri. Wanda ke son gindin sai ya roƙi iri.

Buganbil, mai hawa katanga, ta fi son a yanke ta a watan Yuli, damina ta kankama, iska na da laima. A zaɓi reshen da ya fara tauri, ba ɗanyen kai ba, a bar masa ganye biyu kawai. A ɗauki huɗu ko biyar, don ba duka ke kamawa ba. Saiwa na ɗaukar mako 6 zuwa 8, kuma kada a riƙa tumɓukewa ana dubawa.

Ƙasar dasawa: kashi 2 na rairayi, kashi 1 na ƙasar lambu, kashi 1 na tsohon takin awaki da ya ruɓe. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kiran gara. Babban gwangwanin tumatir ya isa, a huda masa rami 5 a gindi, a ɗora shi kan dutse don gara. Wajen ban ruwa, ruwan wankin shinkafa ko gero yana yi. Na sabulun wanki kuwa yana lalata ƙasar sannu a hankali.

Game da maƙwabciyar, a bar ta ta yanka da hannunta, ita ta san reshen da za ta iya rabuwa da shi. In an dasa biyar uku suka kama, ɗaya nata ne, a kai mata a gwangwaninsa da furen farko. Ranar da akuya ta faɗa gidanta ta cinye buganbil, daga wadda aka dasa a nan gida za a sake yanko mata.