Ranar da alƙibla ta koma yamma

Daren da munka sauka Malesiya, ni da maigidana da ya tafi ƙarin karatu, ban ko buɗe akwati ba na shimfiɗa darduma don in rama sallolin da ke kaina. Na ce mishi ina gabas, sai ya ɗaga hannu ya nuna min rufin ɗakin otal ɗin, ga wata 'yar kibiya an manna an rubuta kiblat, kuma yamma take kallo, ta ɗan karkata arewa. Na daɗe tsaye ina kallonta. Mu a Sakkwato in an ce mutum ya kalli gabas ai salla ake nufi, tun ina ƙarama ban taɓa raba gabas da alƙibla a raina ba, ashe Makka ce ke gabas da mu, su kuma tana yamma da su.

Mu kwatancenmu da gabas da yamma da gusum da arewa ne, sai kuma mutane. Ka miƙe gabas har ka wuce masallacin Juma'a, ka karya gusum wurin mai kilishi, ka ce gidan mai goro, ko yaro ka samu shina kai ka har zaure. Ɗan kabu-kabu ma Mabera ko Runjin Sambo kawai za ka ce mishi, sauran a hanya ku daidaita. Sunayen unguwannin kansu kwatance ne, Rijiyar Ɗorowa, Ƙofar Marke, Gawon Nama, rijiya ce da ƙofa da itace. A Kwala Lamfur, babban birnin Malesiya, kuwa lamba ce ke aiki, lambar bulok, hawa na nawa, lambar ƙofa, ga lambar gidan waya mai alƙaluma 5, ba wanda ya san sunan mai gida. Ranar da na fita ni kaɗai zuwa kasuwar Chow Kit neman kuɓewa na ɓace wajen dawowa, na tsaida wata mata na ce mata gidanmu na arewa da tasha, ta girgiza kai cikin tausayi ta ce in faɗa mata sunan tashar jirgin ƙasan kawai. Da ta tashi nuna min hanya da babban yatsa ta nuna, sauran a dunƙule, don su nuni da manuniya rashin ladabi ne. Ga tsallaka titi, motocinsu hannun hagu suke bi, wanda mu munka bari tun 1972, kullum sai na duba gefen da ba shi ba.

Girki kuma maƙwabciyata ce ta koya min nasu, dattijuwa, Makcik nake ce mata kamar yadda za ka ce Gwaggo. Ita ta nuna min tukunyar shinkafa ta lantarki da ɗan kofinta mai mililita 180, amma ita kanta ba ta amfani da layukan jikin tukunyar, yatsa take tsomawa a ruwan, in ya kai gaɓa ta farko sama da shinkafar shikenan. Raina ya yi fari da na ga haka, na ce ashe su ma hannu ke awo. Da safe shinkafa suke ci dafaffa da madarar kwakwa, nasi lemak, da ƙananan busassun kifi da gyaɗa da kokwamba da yajinsu sambal, wanda har sukari ake zubawa ciki, abin da ya ɗauke ni watanni kafin bakina ya karɓa. Ranar da ta gasa belacan, wani curin jatan lande da aka ruɓar da gishiri, na leƙa na ce mata wanga ai daddawa ce. Na ɗauko tawa ta kalwa da na zo da ita daga gida, ta shinshina ta yi ta gyaɗa kai.

Da na yi mata tuwon shinkafa da miyar kuka ta ce in rubuta mata yadda ake yi, na zauna da biro na rasa abin rubutawa. Kuka cokali nawa? Ruwa kofi nawa? Na jira gari ya waye a gida don awa 7 ke tsakaninmu, na kira Inna, ta ce ke ɗiyar nan, ana kaɗawa ana dubawa, in ta kama maburgi ta yi. Sai da na dafa sau uku ina aunawa da kofin nan na tukunya kafin na samu abin ba ta.

Yanzu da munka dawo, duk wanda zai zo gidanmu sai na fara tambayarshi ko ya san gari. Satin da ya wuce wata malama 'yar Inugu da ke aiki da maigidana ta kira tana hanya, ban ce mata gusum ba, na ce ta ƙirga kwana uku a hannun dama, na tura mata lokeshan a WhatsApp, sannan na aiki ƙanena ya tsaya wurin mai kilishi ya jira ta.