Na Je Tsibirin Robben Don Ɗakin Mandela, Na Tarar da Fiye da Haka

Duk wanda ya ji zan je Cape Town, abin da yake fara ce mini shi ne in tabbatar na ga ɗakin da aka tsare Mandela. Na gan shi kuwa. Sai dai tsayuwata a ƙofarsa ba ta kai minti ɗaya ba, domin layi ake bi, na bayanka yana jira ka gusa. Abubuwan da suka fi zauna mini a rai a tsibirin Robben suna wasu wuraren ne, kuma su nake son in ba da labari, ko wani mai niyyar zuwa zai amfana.

Aiki ne ya kai ni Afirka ta Kudu. Wani ɗan'uwa da ya daɗe da zama a Cape Town shi ya yi mini jagora tun kafin in taso, ya ce in sayi tikiti ta intanet, in zaɓi jirgin safe, kuma in sa ziyarar a farkon kwanakina a garin. Dalilinsa shi ne iska. Idan teku ta tashi, soke tafiya ake yi, ko da ka riga ka zo bakin tasha, wanda ya bar abin sai ranar komawarsa gida kuwa ya yi asara. Ya kuma ce in riƙe rigar sanyi ko da ana rana. Na ga amfanin wannan shawara tun muna tsakiyar ruwa.

Jirgin yana tashi ne daga tashar da aka sa wa sunan Mandela a bakin ruwan da ake kira V&A Waterfront. Tafiyar ba ta da nisa, wajen rabin awa zuwa awa ɗaya, ya danganta da jirgin da yanayin ruwa, amma ga wanda bai saba da teku ba tana da jijjiga. Mai saurin tashin zuciya ya ci abu kaɗan da safe, ya zauna inda iska ke kaɗa shi. Da muka sauka na waiwaya, sai ga birnin da Dutsen Tebur a bayansa tarwai. Abin ya dame ni. Mutum ya yi shekara goma, ashirin, yana hango garin da mutane ke harkokinsu, amma tsakaninsu akwai ruwa mai tsananin sanyi da igiya mai ƙarfi. Makhanda, jagoran 'yan ƙabilar Xhosa da Turawan Ingila suka kawo nan bayan ya kai wa Grahamstown hari a 1819, a ruwan nan ya nutse yana ƙoƙarin tserewa.

Ziyarar kashi biyu ce: zagayen tsibirin a bas, sai shiga gidan yarin da ƙafa. Mu da bas muka fara. Wurin farko da ya sa na yi shiru shi ne maƙabartar kutare. Daga 1846 zuwa 1931 nan ake kawo kutare da masu taɓin hankali, a raba su da danginsu, a raba maza da mata. Cocin da kutaren suka gina yana nan tsaye. Yawancin mutanen da ke cikin motar hira suke yi lokacin da muka wuce, domin ba abin da ya kawo su ke nan ba.

Daga nan sai gidan Robert Sobukwe. Ina ganin mu a nan ba mu san mutumin nan yadda ya kamata ba. Shi ne shugaban PAC, jam'iyyar baƙar fata mai yaƙi da mulkin wariyar launin fata, wanda ya kira zanga-zangar ƙin ɗaukar takardar fasi, wato takardar da aka tilasta wa baƙar fata yawo da ita, a ranar 21 ga Maris 1960, ranar da 'yan sanda suka harbe mutum 69 a Sharpeville. An ɗaure shi shekara uku. Da wa'adin ya cika a 1963, sai majalisar Turawa ta yi doka ta musamman da ke ba minista ikon ci gaba da tsare shi, ana sabunta ta kowace shekara, kuma shi kaɗai aka taɓa yi wa amfani da ita. Shekara shida ya yi a wani ɗan gida da aka kewaye da waya, an hana shi magana da sauran fursunoni. An ce idan ya hango su ana wucewa da su wajen aiki, sai ya duƙa ya ɗebi ƙasa, ya bar ta tana zuba ta tsakanin yatsunsa, ita ce gaisuwarsa. A 1969 aka mayar da shi Kimberley ƙarƙashin takunkumi, ya rasu a 1978. A gefen gidan akwai ɗakunan karnukan gadi da aka gina daga baya. Direba ya ɗan tsaya, ya ja mota, ni kuwa da za a bar ni da na yi awa guda a wurin.

Mahaƙar farar ƙasa ita ce ta uku. Rana tana dukan farin dutsen tana dawowa cikin ido, har na ji hawaye na zubo mini alhali ina sanye da tabarau. Mandela da abokansa shekara 13 suka yi suna fasa dutse a nan, kuma sai da suka yi shekara uku suna roƙo kafin a yarda su sa baƙin tabarau. Idonsa bai koma daidai ba har ƙarshen rayuwarsa. A jikin dutsen akwai wani ɗan kogo da suke amfani da shi a matsayin banɗaki, gandurobobi ba sa shiga, sai ya zama wurin karatu. Wanda ya iya lissafi ya koya wa wanda bai iya ba, lauya ya koyar da shari'a, a yi rubutu da yatsa a ƙasa a share. A tsakiyar filin akwai tarin duwatsu: a 1995 tsofaffin fursunoni suka taru a wurin, Mandela ya ɗauki dutse ya ajiye, sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya.

Motar ta kuma tsaya a bakin teku inda ake shan shayi a ɗauki hoto. A nan na ga cewa tsibirin ya koma gidan namun daji shi ma. Akwai kunkuru, akwai barewa, akwai tsuntsayen fengwin da ke tafiya a tsaye, waɗanda suka dawo tsibirin a 1983 bayan sun daɗe da ɓacewa, yanzu kuma yawansu yana raguwa sosai saboda ƙarancin kifi. A 2019 gwamnati ta sa ruwan da ke kewaye da tsibirin cikin wuraren da doka ke karewa.

A ƙofar gidan yarin wani dattijo ya karɓe mu. Tsohon fursunan siyasa ne, kamar yadda aka saba a wurin. An kama shi yana saurayi a shekarun 1980, a ɗakin da ya kai mu kuma ya yi zamansa. Dogon ɗaki ne da ake zuba mutum hamsin ko fiye. Ya nuna mana tabarmar da ake kwana a kai a kan siminti kafin a kawo gadaje a ƙarshen shekarun 1970, bayan matsin lambar ƙungiyar Red Cross. Na taɓa ta da hannuna, ba ta fi kaurin yatsa ba, ga sanyin teku yana shigowa ta taga.

Sai ya ɗaga wani allo mai ɗauke da tsarin abinci. Wariyar launin fata ta bi mutane har cikin kwanon gidan yari. Indiyawa da masu ruwa biyu suna samun burodi, baƙar fata ba sa samu, sukarinsu da mansu ma an rage. Haka tufafi. Cikin abokan gwagwarmayar Mandela, Ahmed Kathrada, da yake Ba'indiye ne, an ba shi dogon wando, shi kuwa Walter Sisulu da Govan Mbeki, waɗanda suka kusa haifarsa, aka ba su gajeren wando irin na yara. Fursuna Bature ba a kawo shi tsibirin ma sam: Denis Goldberg, da aka yanke musu hukunci tare a 1964, Pretoria aka kai shi. Sabon fursuna wasiƙa ɗaya da ziyara ɗaya yake samu a wata shida, wasiƙar ma sai an yanke duk layin da ba a so. Yaron da bai kai shekara 16 ba ba ya zuwa ganin ubansa. Na tambayi dattijon, na ce Baba, a duk wannan me ya fi yi muku ciwo? Ya ce rashin jin muryar yara. Sai ya ɗan yi shiru, sannan ya ci gaba da bayani.

Shawarata ga mai zuwa ita ce ya matsa kusa da wannan mutum, ya ajiye waya, ya yi tambaya. Ayarin yana da yawa, wanda ya tsaya baya rabin maganar zai ji. Gini yana nan, hoton ginin ma yana cike da intanet, amma masu ba da labarin daga bakinsu tsufa suke yi. Fursunonin siyasa na ƙarshe sun bar tsibirin a 1991, an rufe gidan yarin a 1996, ya zama gidan tarihi a 1997, UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1999. Ka lissafa shekarun wanda aka ɗaure yana ɗan ashirin a wancan lokaci.

Ɗakin Mandela yana sashen B. Faɗinsa da tsawonsa mita biyu da ɗan wani abu ne, ciki akwai tabarma, bargo, ɗan teburi, kwano, da bokitin bahaya. Shekara 18 cikin 27 da ya yi a ɗaure a nan ya yi su, daga 1964 zuwa 1982, da lambar 466/64. Yana nan mahaifiyarsa ta rasu a 1968, babban ɗansa ya mutu a haɗarin mota a 1969, aka hana shi zuwa jana'izar ko ɗaya. A tsakar gidan ana nuna kusurwar da ya yi ɗan lambu, inda ya binne rubutun tarihin rayuwarsa. An gano rubutun, aka hana shi karatu shekara huɗu, amma wani abokin ɗaurinsa, Mac Maharaj, ya fita da kwafi lokacin da aka sake shi a 1976. Ban ji daɗin yadda wasu ke turereniya suna washe baki a gaban ƙofar ba. Ban ce kada a ɗauki hoto ba, kuɗin masu yawon buɗe ido ne ke taimakawa wajen riƙe wurin, kuma gara a cika shi da a manta da shi. Amma wurin da aka azabtar da mutane yana da ladabinsa.

Dab da katangar gidan yarin akwai wani ɗan gini mai koriyar ƙubba. Hubbaren Sayyid Abdurrahman Moturu ne, wani basarake malami daga Madura, a Indonesiya ta yau, wanda Turawan Holan suka koro nan saboda ya ƙi mulkinsu, ya rasu a tsibirin a 1754. A 1969 aka yi ginin da ke kan kabarin. Ba shi kaɗai ba ne. Imam Abdullah ibn Ƙadi Abdussalam, wanda mutanen Cape Town ke kira Tuan Guru, daga tsibirin Tidore aka kawo shi a 1780, kuma yana tsare ya rubuta Alƙur'ani da ka, domin ba a bar shi da littafi ba. Wanda ya san yadda alarammomi ke satu da rubuta Alƙur'ani a tsangaya ya san nauyin wannan aiki ko da mutum yana gidansa cikin kwanciyar hankali. Na tuna da sarakunanmu da Turawan Ingila suka kai Lokoja, irin su Sarkin Kano Alu, wanda can ya rasu. Hubbaren ba ya cikin wuraren da ake daɗewa, saboda haka mai son tsayawa ya yi musu addu'a ya gaya wa jagora tun da wuri, ya kuma lura da lokacin tashin jirgi.

Kashegari na hau unguwar Bo-Kaap, mai gidaje masu launi kala-kala a gindin tudu, na nemi titin Dorp. A nan Masallacin Auwal yake, masallaci na farko a Afirka ta Kudu, wanda aka kafa a 1794 bayan an saki Tuan Guru, shi ne kuma limaminsa na farko. Ya buɗe makaranta yana karantar da bayi da 'yantattu. Ɗaya daga cikin kwafen Alƙur'anin da ya rubuta da hannunsa yana ajiye a masallacin cikin akwatin gilashi. Na yi sallar Azahar tare da jama'a, bayan an idar na gaisa da wani dattijo na gaya masa daga inda na fito, shi ya kai ni wajen akwatin. Daga bakin ruwan da ake hawa jirgi zuwa masallacin tafiyar 'yan mintuna ce a mota, kuma lokacin salla ya fi dacewa a je, domin a lokacin ne ƙofa take buɗe kuma ake samun wanda zai yi wa baƙo bayani.