Kukan tsada ma yanzu sai da hular jam'iyya

Wani abu ya same mu a 'yan shekarun nan da ba a cika tattauna shi ba. Mutum ba ya iya cewa rayuwa ta yi tsada a bar maganar a haka. Kafin ya rufe baki an riga an auna shi: wannan ɗan adawa ne, ko kuwa so yake ya wanke gwamna ya shafa wa shugaban ƙasa. Kuɗin haya ya hau, kuɗin mota ya hau, na makarantar yara da na magani da na wuta duk sun bi sahu, albashi yana nan inda aka bar shi, amma sai ka fara duban fuskar na kusa da kai kafin ka yi ƙorafi. Tsadar tana damuna kamar kowa. Sai dai wannan taka-tsantsan da ya shiga tsakaninmu ya fi ci mini rai, don shi ne ya hana kukan namu isa inda ya kamata.

Duk wanda ke zaune a jiha, a ƙasar da ke bin tsarin tarayya, iyayen gida biyu gare shi. Gwamnatin tarayya ce ke riƙe da darajar kuɗi, da kuɗin ruwan banki, da kwastan, da manufar man fetur. Jiha kuma ita ke da akasarin makarantu da asibitoci, da filaye, da hanyoyin cikin gari, da tarin ƙananan haraji, da albashi da fanshon ma'aikatanta. An raba aikin ne don mulki ya matso kusa da mutane. Amma idan rayuwa ta yi zafi, rabon nan kan zame wa masu mulki mafaka. In jam'iyyar gwamna daban da ta shugaban ƙasa, kowa ya samu wanda zai nuna wa yatsa. In kuwa jam'iyyarsu ɗaya, sai su yi tsit tare, a ce mana a ƙara haƙuri, gyara ake yi.

Ba zan ɗora wa wani gwamna abin da bai yi ba. Tushen tsadar nan ya fi ƙarfin jiha guda. Annobar korona ta 2020 ta dagula masana'antu da jigilar kaya a duniya, sannan Rasha ta auka wa Yukiren a Fabrairun 2022, makamashi da taki suka yi tashin gwauron zabi. A watan Yunin 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 9.1 cikin ɗari a Amurka, abin da rabonsu da shi kusan shekara 40. A Birtaniya ta kai 11.1 a Oktoban shekarar. A Najeriya, bayan Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 aka kuma saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, alƙaluman hukuma sun kai 34.8 a Disambar 2024. Babu gwamnan da ya jawo wannan. Tambayar da ta shafe shi ita ce: da abin da ke hannunsa, me ya yi?

A nan ne siyasa ke shiga ta ɓata lissafi. Dubi Indiya. A Nuwamban 2021 gwamnatin tarayya ta rage harajinta a kan fetur da dizal, ta nemi jihohi su ma su rage nasu. Jihohin da BJP, jam'iyyar da ke riƙe da gwamnatin tarayya, ke mulki suka bi nan da nan, da yawa daga na 'yan adawa suka ƙi. A Afrilun 2022 Firaminista Narendra Modi ya kira sunayen wasu daga cikinsu a taronsa da shugabannin jihohi, har da Maharashtra da Kerala da Tamil Nadu, ya zarge su da cutar jama'arsu. Su kuma suka mayar masa da martani cewa tarayya ce ta fara lafta harajin, kuma ta zuba kaso mai tsoka a wani nau'in da ba a raba shi da jihohi. Kowane ɓangare yana da 'yar gaskiyarsa. Direban da ke layin gidan mai dai biya ya yi ta yi har aka gama cacar bakin.

Na Amurka ya fi ba ni mamaki, don can lafiyar mutane aka saka a caca. Dokar inshorar lafiya ta 2010 ta tanadi faɗaɗa Medicaid, shirin gwamnati na biyan kuɗin magani, ga ƙarin masu ƙaramin ƙarfi, tarayya ta ɗauki mafi yawan kuɗin. A 2012 Kotun Ƙoli ta ce jiha na da zaɓin karɓa ko ƙi. Jihohi da dama da 'yan Rifablikan ke mulki suka ƙi, saboda dokar ta Shugaba Obama ce, ɗan jam'iyyar Dimokurat da suke hamayya da ita, kuma har zuwa 2024 guda 10 ba su karɓa ba, cikinsu har da Teksas da Filorida. Mutum biyu masu samu iri ɗaya, iyakar jiha ce kawai tsakaninsu, ɗaya yana ganin likita, ɗaya yana lissafin ko ciwon zai jira.

A Najeriya kuwa, cire tallafin ya sa kason da jihohi ke karɓa daga asusun tarayya kowane wata ya ƙaru sosai a lissafin naira. A Agustan 2023 an sanar da naira biliyan 5 ga kowace jiha don rage raɗaɗi. A Yulin 2024 aka sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, kowace jiha ta fara biya a lokacin da ta ga dama. Waɗannan duka abubuwa ne da za a iya bin sawunsu jiha-jiha, a tambaya ina suka shiga. Amma je ka yi tambayar a gaban magoyin bayan gwamna, ka ji amsa. Zai ce maka ai wanda ya cire tallafi za ka tambaya. Magoyin bayan shugaban ƙasa kuma ya ce ai an tura wa gwamnoni kuɗi. Ka dawo hannu rabbana.

Na ga yadda abin ke aiki ido da ido. Jiharmu ta ƙara wani haraji a kan gidajen haya, masu gidaje kuma, kamar yadda kowa ya zata, suka juye shi a kanmu. Mu 'yan haya na layinmu muka zauna, aka yarda a rubuta wa ɗan majalisar jiha mai wakiltarmu takarda. Wani malamin makaranta ya rubuto ta, shafi guda, babu zagi babu habaici, roƙo ne kawai a sassauta ko a raba biyan kashi-kashi. Aka karanta, kowa ya gyaɗa kai. Da aka zo sa hannu sai wani dattijo ya riƙe biro ya ƙi saukewa. Ya ce, "Malam, takardarka ba ta da aibu. Amma kowa ya san abin da kake rubutawa a kan gwamna a Facebook. Gobe sai mu ga hotonta ana cewa unguwa kaf ta juya masa baya, ga sunana a ciki." Wani saurayi ya taso ya ce shi zai sa hannu, amma sai an ƙara sakin layi da ke cewa tarayya ce ummul aba'isin komai. Na gefensa ya ce in an ƙara wannan, a cire sunansa. Cikin ɗan lokaci an manta da haraji, an koma zaɓen da ya wuce, wa ya yi maguɗi, wa ya sayar da ƙuri'a. Aka tashi baran-baran. Ƙarshen wata kowa ya biya, mai jar magana da mai sanyinta.

Ban ga laifin dattijon gaba ɗaya ba, don tsoronsa ba na banza ba ne. Sau nawa aka ɗauki kukan mutane na gaskiya aka mayar da shi kayan kamfen? Da zarar 'yan siyasa sun saba yin haka, sun ci riba biyu: sun samu makamin jifan abokin hamayya, sun kuma koya wa talaka cewa duk wanda ya yi ƙorafi turo shi aka yi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Akwai wata asarar kuma da ba ta fitowa a alƙaluman kowace hukuma. Mai ƙaramin ƙarfi ba da albashi kaɗai yake rayuwa ba, da mutane yake rayuwa: wanda zai ranta masa zuwa ƙarshen wata, wanda zai rage wa 'ya'yansa hanya, wanda zai ce ga wani aiki can je ka gwada. Kawuna ɗan fansho ne na jiha, kuma ɗan gani-kashe-nin jam'iyyar da ke mulki. Fanshonsa bai motsa ba alhali komai ya motsa. Yana da amini tun na ƙuruciya, mai ɗan hali, wanda a da ko tambaya ba ya bari ya yi. Zaɓe ya raba su, kan wata magana da aka yi a zauren WhatsApp wadda yau ba na jin ɗayansu zai iya maimaita ta daidai. Da na ji 'yan fansho za su je majalisa kai kuka, na ce, "Kawu, ai da kai ya kamata a je, kai da ka san mutanen ciki." Ya dube ni ya ce, "Kai ɗan nan, so kake a ce ni ma na koma can?" A waje yana kare gwamnati da ƙarfinsa. A ɗaki yana raba ƙwayar maganin hawan jini biyu don ta kai shi wata.

Kada a ɗauka wannan halin wasu mutane ne su kaɗai. Jami'ar Mishigan ta daɗe tana auna yadda Amurkawa ke ji game da tattalin arziki, kuma bayan zaɓukan 2016 da 2020 da 2024 abu ɗaya ya yi ta faruwa: magoya bayan wanda ya ci sai su ce al'amura za su yi kyau, na wanda ya faɗi su ce an shiga uku, tun kafin sabon shugaban ya taɓa komai.

Abin da ya hana ni yanke ƙauna shi ne abin da kan faru idan aka cire sunan jam'iyya daga tambaya. Wasu jihohin Amurka suna ba jama'a damar kaɗa ƙuri'a kai tsaye a kan doka. Mafi ƙarancin albashi na tarayya a can yana kan dala 7.25 a awa tun 2009. A Nuwamban 2020, ranar da Trump na Rifablikan ya lashe Filorida, kusan kashi 61 cikin ɗari na masu zaɓen jihar suka amince a ɗaga nasu a hankali zuwa dala 15. Haka ma Medicaid ɗin da 'yan majalisa suka ƙi: jama'ar Aidaho da Yuta da Nebraska sun amince da shi da ƙuri'arsu a 2018, na Mizuri da Oklahoma a 2020, duk jihohin da 'yan Rifablikan ke da ƙarfi. Mutanen nan ba su sauya jam'iyya ba. An dai tambaye su game da aljihunsu da lafiyarsu ba tare da an manna hoton kowa a jikin tambayar ba.

Yawancin jihohin duniya ba su da irin wannan ƙuri'a. Abin da ke akwai kusan ko'ina shi ne kasafin kuɗi. A Najeriya jihohi sun fara wallafa nasu a intanet a kai a kai, musamman tun bayan wani shirin Bankin Duniya da aka faro a 2018 wanda ya ɗaura tallafi a kan bayyana lissafi, kuma ƙungiyar BudgIT na fitar da rahoton kwatanta jihohi duk shekara. A ciki ana iya ganin nawa ya shigo daga tarayya, nawa aka tara a haraji, nawa aka ware wa asibitoci da fansho, nawa kuma aka saki da gaske. Matsalar ita ce takardun dogaye ne, da Turanci, cike da jadawali. Gidajen rediyon da ke sayar wa sojojin baka lokaci kowane dare za su iya karanta mana su layi-layi da Hausa a rabin awa guda a mako.