Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da Na Kusa Ɓata Tsakanin Zariya da Kano

A makon jiya na tsaya a kan ranar da na fara saukar da jirgin sama ba tare da Kyaftin, mai koya mini tuƙi, ya sa hannu ba. Na ɗauka na gama da wahala. Ashe ajin taswira na nan yana jirana.

A sama babu allon hanya, babu mai shayi da za ka tsaya ka tambaya. Kyaftin ya kashe GPS, na'urar da ke nuna inda kake, ya ce in dogara da taswira da kamfas mai nuna arewa da agogo. Mil ɗinmu ma daban ne, na teku, mita 1,852. Daga Zariya zuwa Kano kusan mil 74 ne, kana fuskantar arewa maso gabas, wajen digiri 41 a kan kamfas. Da gudun mil 100 a awa, tafiyar minti 45 ke nan in iska ba ta tsoma baki ba.

To, ta tsoma. Lokacin hunturu ne, iskar ranar daga arewa take kaɗawa, tana tura jirgin dama. Kamata ya yi in rage digiri 5 in karkata hanci hagu. Ni kuwa tun a ƙasa sai na ƙara, na rubuta 46 a takarda har ina jin kaina.

Bayan minti ashirin da 'yan kai na hango ruwan Dam ɗin Tiga cikin hazo, kusa da fiffiken dama fiye da yadda taswira ta nuna. Gabana ya faɗi.

"Ina muke?" Kyaftin ya tambaya.

"Ranka ya daɗe, ina jin…"

"Ba ji na tambaye ka ba. Auna."

Na auna da rula, hannuna na rawa: mun yi mil 36, mun kauce mil 6. Ƙa'idar ita ce kuskuren digiri 1 yana kautar da kai mil 1 a tafiyar mil 60, wato ni na yi digiri 10. Ragowar tafiyar kusan daidai take da wadda muka yi, don haka na ninka, na juya hagu digiri 20: 10 na gyara kuskuren, 10 na komawa kan hanya.

Da Dutsen Dala ya bayyana, rigata ta jiƙe sharkaf. Sai a ƙasa Kyaftin ya gaya mini tun kafin mu tashi ya ga kuskuren, ya yi shiru.

Mako mai zuwa: tafiyata ta farko ni kaɗai.