iSpindel ta ce 1.016, gilashi ya ce 1.010

A ƙarshe dai layin jadawalin awon ya sauko yadda ya kamata, kuma na ji daɗi ƙwarai, don wannan na'ura, iSpindel, bututun da ke yawo a cikin giya mai tsimuwa yana aiko awon nauyin ruwan ta WiFi, ta ba ni ciwon kai. Ruwan tsiron dawa ne lita 20, nauyinsa ya fara a 1.048, yis ɗin US-05. Da tsimuwa ta lafa sai iSpindel ta kafe a 1.016, ma'aunin nauyin ruwa na gilashi kuwa ya nuna 1.010. Maki shida ba wasa ba ne: da lissafin nan na ninka bambancin awon farko da na ƙarshe da 131.25, ƙarfin giyar ya tashi daga kashi 4.2 zuwa kusan 5.

Zargi na farko ya faɗa kan daidaitawa, to amma ba a nan take ba. A ruwa zalla na'urar tana kwanciya a digiri 25, an kuma gwada ta da ruwan sukari daga 1.010 har 1.060, maki duk sun hau layi.

Matsalar kumfa ce. Ku tuna na'urar ba nauyin ruwa take aunawa kai tsaye ba, karkatarta kawai MPU6050, ɗan ma'aunin karkata da ke cikinta, yake gani. Idan tsimuwa ta yi ƙarfi, kumfa takan haɗiye murfin na'urar, yis da guntun hof (furen da ke ba giya ɗaci) su manne a kai. Kumfa ta sauka, dattin ya bushe ya zauna. Wannan ɗan nauyin da ke sama yakan ƙara kwantar da bututun, sai lissafi ya ɗauka har yanzu da sukari a ciki. Ƙananan kumfar iska da ke maƙalewa a gindin bututun su ma haka suke yi, suna ɗaga shi, shi ya sa layin yake tsalle kamar haƙoran zarto a kwanakin farko. Waɗannan sukan tafi da kansu. Busasshen yis ne ba ya tafiya.

Abin da ya yi aiki: a riƙe zafi a digiri 18 zuwa 19 a farkon tsimuwa, domin a ɗaki mai zafi yis haukacewa yake yi, kumfa ta cika bokiti. A bar sarari a sama, lita 20 a bokitin lita 30. Idan kumfa ta sauka, a jujjuya bokitin a hankali ba tare da an buɗe ba, ruwan ya wanke murfin na'urar. Da haka tazarar ta dawo maki ɗaya zuwa biyu, kuma wannan ya ishe ni.

Ku duba batir ma. Idan batirin 18650 ɗin yana motsi a mazauninsa ko kaɗan, daidaitawar ta tashi a banza, sai a tokare shi da soso. Kuma ku guji masu rubutun 9900mAh, ƙarya ce tsagwaronta, na gaske ba ya wuce wajen 3500. Kuɗina sun tafi a kansu, har yanzu abin yana min zafi, ko da yake bai kai farashin Tilt ba, wata na'ura irin wannan da ta haura dala 100. Na'urar ta aika saƙo kowane daƙiƙa 900 ya wadatar.

Kafin a zuba a kwalba, layi ya miƙe kwana uku a jere, sannan a ɗebi samfur a auna da gilashi. Zagaye na gaba tukunyar ƙarfe ce, ita kuma tana toshe WiFi, don haka dole rauta, na'urar WiFi, ta matso kusa da firjin da tukunyar za ta zauna a ciki.